Ƙugiya Shida a Kan Allon Malumfashi

Murna, Iliya, da ku jikokina da kuka iya karatu, wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na rubuta muku ƙuruciyata a ƙauyenmu na bayan Dayi, na rubuta shigata makarantar mishan da auren babanku, amma duk sanda na iso shekarar da aka yanke Katsina daga Kaduna sai in ajiye biro in nemi wani aikin. Abin da ya tilasta ni yanzu shi ne bara, da Iliya ya kai ni taron masu manhaja a Funtuwa, taron nan da matasa ke cika zaure kowace shekara da kwamfutoci a kan cinya, kowa yana buɗe wa ɗan'uwansa cikin abin da ya ƙirƙira, kyauta. Wani saurayi mai ladabi ya tashi ya ba da tarihin taron, ya ce an fara shi bayan zuwan intanet. Ban ga laifinsa ba, lokacin ba a haife shi ba. Amma ina wurin ranar da aka fara, kuma abin da na yi a ranar shi ne dalilin da ba ku tashi a Kaduna ba. Kun ji labarin a bakin Gwaggonku Saratu, cewa uwarku ta sa ƙafa ta shure arziki. Yau ku ji shi a bakina.

A lokacin ni mai buga tafireta ce a wani ofishin aikin gona a Funtuwa. Yawancin aikina takardun faɗakar da manoma ne: yaushe ake shuka auduga, yaya ake zuba taki wa masara, me ake yi in tsutsa ta faɗa gona. Da Hausa ake rubuta su, amma tafiretar ba don Hausa aka ƙera ta ba. Ba ta san ɓ ba, ba ta san ɗ ba, ba ta san ƙ ba. Don haka in na gama shafi sai in zare shi, in ɗauki biro, in bi layi-layi ina ɗora wa haruffa ƙugiyarsu da hannu. Shekara tara ina wannan. Wata rana ido ya gaji, na tsallake guda ɗaya a kan takarda, aka gurza aka raba. Bayan mako wani malamin gona ya shigo yana dariya har yana riƙe ciki, ya ce wani dattijo a Danja ya tare shi ya tambaye shi wace cuta ce ta kama kwari har gwamnati ta kawo mata magani. Maganin ƙwari na so in rubuta. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma na koma teburina kunya kamar ta kashe ni.

Sai aka kawo kwamfuta. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane yadda muka ji ba. Ɗaki guda aka ware mata, aka sa labule, aka ce sai an cire takalmi kafin a shiga. Wanda aka damƙa wa ita shi ne Malam Bala, jami'in ƙididdiga, mutumin Danja, dogo mai sanyin murya, wanda aka tura kwas ya koyo sarrafa ta. Ranar da ya fara gwada ta muka taru a bakin ƙofa. Ya danna wasu haruffa, sai firinta ta kama kuka kamar ana yaga sabon yadi, takarda tana fitowa da kanta, layi yana bin layi, babu hannun kowa a kai. Ni da na san nauyin kowane harafi a yatsuna, sai na kasa ɗauke ido daga takardar. Masinjanmu ya ja da baya yana salati.

Malam Bala da yatsa biyu yake bugu, don haka ba a daɗe ba ya roƙi a ba shi ni in riƙa shigar masa da alƙaluma. Mutum ne marar rowar sani. Duk abin da na tambaya sai ya nuna mini, abin da bai sani ba ya miƙo mini littafin na'urar ya ce mu duba tare. A littafin firintar ne, can wajen ƙarshe inda ba wanda ke kaiwa, na ga wani shafi mai zanen gidaje-gidaje. Na karanta shi sau uku da Turancina na mishan. Abin da na fahimta shi ne firintar ba ta da haruffa a cikinta irin na tafireta. Allurai ne ƙanana ke buga ɗigo, ɗigon ya haɗu ya zama harafi. Kuma in ka zana naka harafin a cikin gidajen, ka mai da kowane layi na tsaye lamba, ka tura mata lambobin, za ta karɓa.

"Malam Bala," na ce, "wannan yana nufin za a iya koya mata ƙ?"

Ya karɓi littafin ya daɗe yana dubawa.

"Haka ya nuna, Malama Rahila. Amma ban taɓa jin wanda ya yi ba."

"In gwada?"

"Lokacin hutun rana na'urar zaune take. Ni salla nake tafiya. Ki gwada, in ta lalace mu biyu za a kora."

Wata huɗu na yi ina fama. In mutane sun fita cin abinci sai in zauna da takardar lissafi mai gidaje da fensir. Wurin ƙanƙane ne, harafin k kansa ya kusa cinye shi, ga shi kuma sai an samo wa ƙugiya inda za ta lanƙwasa. Na farko ya fito kamar ƙudan da aka take. Na biyu kamar f. Akwai ranar da na yi kuskuren lamba ɗaya, firintar ta haukace ta dinga amayar da takarda har sai da na zare mata waya. Sannan allon kwamfutar ba ya iya nuna haruffan, sai na ɗora su a kan maɓallan da ba ma amfani da su, ka ga alamar baka a allo amma a takarda ƙ za ta fito. Ranar wata Talata, damina ta yi tsaka, na tura lambobin na buga sunan mahaifina, Ƙosau. Firintar ta yi ƙararta ta tsaya. Na yage takardar na je bakin taga. Ga Ƙ ɗin nan a tsaye, ƙugiyarta ta sunkuyo daidai inda nake sa mata da biro. A makaranta Kosau aka rubuta, a coci Kosau, a takardar aurena Kosau. Ban taɓa ganin inji ya faɗi sunan Baba daidai ba sai ranar. Malam Bala ya dawo ya same ni tsaye a wurin. Ya karɓi takardar, ya duba, ya zauna a kan kujera a hankali, ya ce,

"Ikon Allah. Malama, kin san abin da kika yi kuwa?"

Kafin kaka na gama duka shida, manya uku, ƙanana uku. Shugaban ofishinmu ya ga takardun sun fara fita tsaf, ya yi murna, ya ce abin da na yi a lokacin hutuna nawa ne, shi dai a ci gaba da buga masa.

Akwai wani Alhaji daga Kaduna da ke kawo mana takarda da ribon tawada na firinta. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan, kuma bai yi mini laifin komai ba. Ya ga ɗaya daga cikin takardun a kan tebur, ya ɗaga ta sama yana dubawa, ya tambayi wa ya yi. Bayan sati biyu ya dawo takanas dominna. Ya ce maɗaba'u da ma'aikatu za su so wannan abin. Zai ɗauke ni aiki a kamfaninsa, zai ba mu gida, kuma yana da hanyar da za a mai da babanku wata makaranta a can.

"Sharaɗina ɗaya ne, Malama," ya ce. "Lambobin nan su zama na kamfani. Ba za ki ba kowa ba, ba za ki nuna wa kowa yadda aka yi ba. In kowa ya sani, me zan sayar? Ki yi shawara da maigidanki, ina jiran amsa zuwa sabuwar shekara."

Sai kun san halin da gidanmu ke ciki kafin ku gane nauyin wannan maganar. A farkon shekarar an yi tashin hankali na addini, ya taso daga kudu ya iso har garuruwanmu. Ba zan tsaya a kansa ba. An taɓa majami'armu, mun kwana biyu a gidan wani maƙwabcinmu Musulmi da ya ɓoye mu. Tun daga nan babanku, Malam Yohanna, bai ƙara samun natsuwa ba. Mutum ne da ya yi shekara goma sha biyar yana koyarwa a firamare, ya san uban kowane yaro a unguwa, amma sai ga shi in ku biyu kuka makara daga makaranta yana fita bakin titi. So yake mu koma Kaduna kusa da 'yan'uwansa. Da na gaya masa maganar Alhaji, ya ajiye cokali ya ɗaga hannuwa sama.

"Maman Murna, addu'ata ce aka amsa. Ubangiji ya buɗe ƙofa ta hannunki."

Gwaggonku Saratu har ta fara nema mana makarantar da Murna za ta shiga. Ni ma na yi murna, kada ku ɗauka ban yi ba. Sai dai akwai abin da bai kwanta mini ba, na kasa gane mene ne.

Bayan an cire auduga na je gaida Baba a ƙauye. Shi bai bi mu coci ba, bai kuma shiga masallaci ba, ya mutu a kan al'adar kakanninsa. Bai taɓa kirana Rahila ba, Lami yake ce mini, sunan da ya raɗa mini. Na same shi gindin rumbu yana gyaran ƙotar fartanya. Na nuna masa takardar nan mai sunansa, ko da yake ba ya karatu, na yi masa bayani iya yadda zan iya, har da maganar Alhaji. Ya saurara bai katse ni ba.

"Lami, tsaya. Abin nan in kin ba wani, naki ya ragu?"

"Ba ya raguwa, Baba. Kwafa zai yi, nawa yana nan."

"Shi ma in ya ba wani?"

"Nasa yana nan."

Ya ajiye ƙotar.

"Ban san irin wannan kaya ba. Hatsi in ka ɗiba ya ragu, akuya in ka bayar ta tafi. Abu ɗaya na sani haka, wutar da uwarki ke ɗebowa a gidan Tanko maƙwabcinmu da safe." Ya ɗauki ƙotar ya ci gaba da fiƙe ta. "Amma mijinki tsoro yake ji, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Ni ba zan ce miki komai ba. Ku da boko."

Na dawo Funtuwa ban fi yadda na tafi sanin abin yi ba.

A watan ne Malam Bala ya kawo maganar taro. Ya lura cewa a duk yankinmu masu taɓa kwamfuta ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowa yana wahala shi kaɗai a ɗakinsa. In abu ya cije babu wanda za ka tambaya sai ka rubuta wasiƙa ka jira wata biyu. Ya rubuta wa duk wanda ya ji labarinsa cewa a haɗu ranar Asabar cikin hutun ƙarshen shekara, a wata makarantar sakandare a Malumfashi inda shugabanta ya ba da aron aji da janareta. Ya san maganar Alhaji, don na gaya masa. Bai taɓa cewa in nuna komai ba.

"Ki zo ki kalla kawai," ya ce. "Ba wanda zai san kina da wani abu."

Mu goma sha ɗaya muka hallara, ni kaɗai ce mace. An ɗauko kwamfuta biyu da firinta ɗaya a bayan akori-kura, an naɗe su da katifa saboda ramukan hanya. Akwai akawun wani injin gurzar auduga, da ma'aikacin wani asibiti, da malamin lissafi na makarantar, da samari biyu daga Zariya, da wasu da na manta. Abin da ba na mantawa shi ne yadda muka zauna. Ba wanda ya tsara, amma Musulmi suka yi gefen taga, Kirista muka yi gefen ƙofa, layin benci guda babu kowa a tsakani. An gaisa, amma gaisuwar a bushe take. Malam Bala ya tashi ya ce shi doka ɗaya yake roƙo: duk wanda ya kawo wani shiri da ya rubuta wa na'ura, kada ya nuna aikinsa kawai, ya buɗe cikinsa kowa ya gani ya kwafa. Wanda kuma ya kwafa ya gyara wani abu, baɗi ya dawo da gyaran. Ya fara da nasa, na lissafin ruwan sama. Akawun auduga ya biyo da wanda ya yi wata takwas yana rubutawa. Yana cikin bayani sai ma'aikacin asibitin nan ya tsallako benci ya nuna masa wani layi da yatsa, ya ce ai nan ne yake cije maka, juya shi kaza. Aka juya, abin da ya hana mutumin sakat tun damina ya warware a gabanmu. Kafin azahar babu gefen taga babu gefen ƙofa, kawuna ne kawai a cunkushe gaban allo, hula tana gogar kan da babu hula. Ina zaune a baya ina kallo, jakata a kan cinya, littafin lambobina yana ciki.

Bayan an ci abinci sai wani dattijo ya ɗaga hannu. Malam Haruna sunansa, daga Musawa, mai kula da azuzuwan yaƙi da jahilci. Shi bai taɓa taɓa kwamfuta ba, jin labarin taron ya yi ya hau mota ya zo. Ya buɗe wata tsohuwar jaka ya fito da damin takardun darasi. Tun daga inda nake na gane su, kowace ƙugiya da biro aka sa ta, wasu tawadar ta jiƙe ta bazu. Ya ce ɗalibansa dattawa ne da matan aure, in harafi ya zo babu ƙugiya sai su karanta abin da suka gani, su rikice, wasu su ce su ne ba su da kai, su daina zuwa. Ya tambaya ko na'urar nan za ta iya. Ɗaya daga samarin Zariya ya amsa masa da ladabi, ya ce ba ta iyawa, sai an ƙero daga waje, kuma ba ya jin masu ƙerawa sun san da mu.

"To," in ji Malam Haruna. "Allah ya nuna wa na bayanmu."

Ya fara mai da takardunsa cikin jaka, yana daidaita gefensu da tafin hannu. Na dubi Malam Bala. Ya juya fuskarsa ga taga, ya ƙi kallona sam, don kada in ce ya roƙe ni. Na tuna babanku a bakin titi. Na tuna gidan Kaduna da ban gani ba amma na riga na jera kayana a ciki. Ba zan yi muku ƙaryar cewa na auna na zaɓa ba. Na dai ji muryata tana cewa,

"Baba Malam, dakata. Tana iyawa."

Faifan kwamfutar ofishinmu ba ya shiga waɗanda aka kawo, don haka babu hanyar bayarwa sai ɗaya. Na je gaban aji na ɗauki alli na rubuta lambobin a allo, layi shida, kowane harafi da layinsa, da ɗan shirin da ke tura su. Allin ya karye sau biyu. Malamin lissafi ya zauna yana shigar da su ina karanta masa. Da ya gama na ce Malam Haruna ya zaɓi jimla daga darasinsa. Ya buɗe shafin farko ya karanta, aka buga. Firintar ta yi ƙara, ta tsaya. Malam Haruna ya je da kansa ya sunkuya a kan takardar. Ga abin da ta buga: Ɓera ya shiga ɗaki ya ci ƙosai. Ya sa yatsa yana shafa haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana neman tudun biro, bai samu ba. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi na'urar.

"Yarinya, ke kika koya mata Hausa?"

Wani ya yi kabbara, wani ya ce yabo ga Ubangiji, a tare suka fito, sai ajin ya fashe da dariya. Sannan na ji wata ƙara da har yau take kunnena, ƙarar buɗe littattafai. Maza goma, wasu da furfura, sun zauna a bencin yara suna kwafe lambobina kamar 'yan aji uku. A nan na san maganar Kaduna ta ƙare.

Da na koma gida na gaya wa babanku tun kafin in ajiye jaka.

"Kin tambaye ni?"

"Ban tambaye ka ba."

"Abin da na so in ji ke nan," ya ce, ya tashi ya fita.

Wannan shi ne laifina, kuma ban taɓa musun sa ba. Bayarwar ban yi nadamarta ba, amma ba ni kaɗai abin ya shafa ba, na kuwa yanke ni kaɗai a tsaye gaban allo. Alhaji ya aiko cewa ba ya fushi, sai dai abin da aka rubuta a allon makaranta ba ya sayuwa. Shekara ba ta cika ba aka rage ma'aikata a ofishinmu, sunana yana ciki. Na sayi tsohuwar tafireta na kafa tebur a wata rumfa kusa da tasha ina buga wa mutane wasiƙu, na koma ɗora ƙugiya da biro kamar ban taɓa yin komai ba. Murna, ke kika fi kowa biya, makarantar da aka yi miki alkawari ba ki gan ta ba, na kuma san kin ji zafina shekaru. Babanku bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yana cin abincina, yana gaishe ni, yana faɗin abin da ya zama dole. Hira ce ta mutu a tsakaninmu, kusan shekara biyu.

Taron kuwa bai mutu ba. Wata shekara mu ashirin, wata shekara mu biyar a shagon wani. An yi shekarun da ba a yi ba sam, sai wani ya tuna ya sake kira. Daga baya ya koma Funtuwa, matasa suka shigo da sababbin na'urori, suka ce mana ai abin da muke yi yana da suna, buɗaɗɗiyar manhaja, kuma akwai mutane a ƙasashe masu nisa da ke kan wannan hanyar tun tuni. Malam Bala, Allah ya ji ƙansa, ya yi dariya ya ce to madalla, ashe muna da dangi. Amma taro na uku nake so in ba ku labarinsa.

Ranar babu mota a tasha, babanku ya ce zai kai ni a babur, ya wuce ya gaida wani abokinsa, ya dawo ya ɗauke ni. Muna isa muka tarar da wani baƙo a ƙofar ajin, siriri, da ƙurar tafiya a rigarsa, Hausarsa irin ta arewa. Ya ce sunansa Isufu, daga Maraɗi, yana buga takardun kiwon lafiya. Kwana biyu ya yi a hanya. Ya ce lambobin sun iso masa ne a littafin wani malamin asibiti, shi kuma ya kwafa a wurin wani a Katsina, babu sunan kowa a kai, sai dai an ce daga Malumfashi suka fito kuma dokarsu ita ce wanda ya gyara ya dawo da gyara. Ya zo neman malamin da ya yi su. Aka nuna masa ni. Ya dubi babanku da ke riƙe da babur, ya sake dubana, sannan ya rusuna ya gaishe ni.

Ya buɗe littafinsa. Ga layukana shida, da rubutun hannun da ban sani ba, sun ratsa hannuwa nawa oho. A layin ɗ ya canza lamba ɗaya, ya ce ƙugiyar ta matse, ya matsar da ɗigo guda. Na duba, gaskiyarsa, wata huɗu na yi ban ga wannan ba. A ƙasa kuma akwai layi biyu da ba nawa ba.

"Waɗannan fa?" na tambaya.

"Namu ne, Malama. Inda kuke sa ɗan waƙafi kafin y, kamar a 'ya'ya, mu can ƙugiya muke ɗora masa. Na bi yadda kika yi sauran na zana shi."

Ya miƙo takarda bugaggiya. Na ga ƴ, harafin da ban taɓa gani ba a rayuwata, tsaye kusa da ƙ ɗina, tsayinsu ɗaya, lanƙwasarsu ɗaya, kamar hannu ɗaya ya yi su. Abin da na zana a ɗakin nan mai labule ya ƙetare iyakar ƙasa ba tare da ni ba, ya shiga hannun mutanen da ba zan taɓa sani ba, ya dawo ya fi yadda ya tafi.

Ban san babanku ya jingine babur ya matso ba sai da ya zare takardar daga hannuna. Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, irin duban da yake yi wa rubutun ɗalibi.

"Daga Maraɗi ka ce?"

"Daga Maraɗi, Malam."

"Don ka kawo mata layi biyu?"

"Haka dokar ta ce."

Bai je wurin abokin nasa ba. Ya shiga ajin ya zauna a bencin baya. Da lokacin ya yi da za a rubuta sababbin lambobin don kowa ya kwafa, na miƙe na nufi allo, sai na ji ya taso a bayana. Ya miƙo hannu.

"Kawo allin, Maman Murna. Rubutun allo aikina ne. Ke karanto mini."

Na karanto masa layi takwas, ya rubuta su da kyakkyawan hannun nan nasa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. A hanyar komawa Funtuwa, iska tana kaɗa maganarsa, ya dinga tambayata yadda ake mai da ɗigo lamba, ina amsa masa ta kafaɗarsa har muka iso gida.